HOTON JINJIRIN WATA: KYAMARA BA TA RANTSUWA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ƙawata sama da taurari, Ya sanya rana da wata su zama ma'aunin lokaci ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan'uwa masu karatu, a wannan mako filin namu zai ɗaga kai ya dubi sama. Dalili kuwa shi ne, wani sabon abin sha'awa ya shigo hannun jama'armu, watau ɗaukar hoton wata da taurari da kyamarar zamani, wadda ba ta bukatar fim, ba ta bukatar wanki. Za ka ga ma'aikaci ya tashi daga ofis, ko ɗan kasuwa ya rufe rumfa, bayan sallar isha'i ya fita bayan gari ya kafa na'urarsa yana farautar wata. Mu dai ba mu ga aibin wannan ba, hasali ma mun ga alheri a ciki. Amma fa duk ranar 29 ga Sha'aban, da ranar 29 ga Ramalana, sai wayoyin mutane su cika da hotunan jinjirin wata, kowane da rubutu a ƙasansa cewa an gan shi a gari kaza. Kafin gari ya waye, wani gida an ɗauki azumi, maƙwabcinsa bai ɗauka ba, ko kuwa wani ya yanka kaji ya sa sabuwar riga alhali ɗan'uwansa na ciki ɗaya yana riƙe da bakinsa. To, abin da ya taɓa azumin Musulmi da haɗin kansu ya wuce wasa. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayanin abin da kyamara ke iyawa, da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

GADON GOBARAU

Kada wani ya zaci duban sama baƙon abu ne a ƙasarmu. Wanda ya shiga birnin Katsina ya tsaya gindin hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kimanin ƙafa 50, yana tsaye ne a wurin da aka daɗe ana tambayar sama labari. Masana tarihi da yawa suna danganta masallacin Gobarau da zamanin Sarki Muhammadu Korau, a cikin ƙarni na 15, ƙarnin da Shehu Magili ya ziyarci Kano da Katsina a ƙarshensa. Masallaci ne kuma makaranta ce. Daga saman hasumiyar ladan ke kiran salla, daga nan kuma masu tsaro ke hango ƙurar mahara. Bayan masallacin ya rushe, hasumiyar ta saura, aka gyara ta a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944.

Akwai ruwayar baka da Katsinawa ke bayarwa, cewa da za a aza harsashin masallacin sai malamai suka yi saɓani a kan alƙibla, har wani baƙon malami da ake kira Malam Jodoma ya nuna wata fuska da sandarsa, aka hango Ka'aba. Ruwaya ce, mun kawo ta a matsayinta na ruwaya. Abin lura a ciki shi ne, tun ran gini tambayar da ta tashi a Gobarau tambayar ilmin falaki ce: ina muka dosa, kuma da me za mu tabbatar? A yau lissafi ya nuna alƙiblar Katsina tana kimanin daraja 70 daga arewa zuwa gabas, watau in mutum ya fuskanci gabas sosai, sai ya karkata hagu da kimanin daraja 20.

Daga wannan birni ne kuma Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi ya fito, masanin lissafi da taurari, wanda ya rubuta littafi a kan hatimin lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shehu Hasan Aljabarti, shi ma babban malamin falaki na Masar. Har yanzu a zaurukanmu akwai malaman da suka haddace manzilolin wata 28, suna gaya wa manomi lokacin shuka da lokacin da ruwa zai ɗauke. Kakanninmu sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Zara matar wata, sun san Gamzaki da ke tada matafiyi da asuba. Saboda haka yaron da ya ɗauki kyamara ya fuskanci sama, gadon gidansu ya ɗauka, muddin ya tsaya ga sanin lokaci da alƙibla da tunani cikin halittar Ubangiji. Duba da neman sanin gaibu ta hanyar taurari kuwa wata hanya ce daban, shari'a ta rufe ta. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, Manzon Allah, mai tsira da aminci, ya hana su wannan fassara, ya umurce su da salla. Wannan shi ne ladabin duban sama: a faɗi abin da aka gani, kada a ƙara masa gishiri.

YADDA NA'URAR KE AIKI

Asalin kyamara ɗaki ne mai duhu da 'yar ƙofa ƙarama. Malam Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi bayanin yadda haske ke bi ta ƙaramar huda ya zana surar abin da ke waje a bango, a juye, har ya gwada wannan da surar rana lokacin husufi. A 1840 wani malami a Amurka, John William Draper, ya ɗauki hoton wata. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar farko mai ajiye hoto da lambobi maimakon fim. Ita ce kakar wadda ke cikin aljihunka yau.

Bambancin ido da kyamara guda ne babba. Ido yana gani ne nan take, ya zubar, ya sake ɗiba. Ita kuwa kyamara kamar kwano ce da aka ajiye ƙarƙashin indararo: in ka bar ƙofarta a buɗe sakan 10 ko 20, haske ya yi ta ɗiga yana taruwa, har tauraron da ido bai san da shi ba ya bayyana. Ido lafiyayye yana ƙidaya shida ko bakwai a cikin Kaza da 'Ya'yanta. Kyamara ta nuna maka gommai. Hasken nasu kuwa ya yi tafiyar shekara wajen 440 kafin ya iso, watau lokacin da ya baro gida, ana karatu a masallacin Gobarau. Hasken wata kuwa, daga nisan kimanin kilomita 384,000, sakan ɗaya da 'yan kai yake yi a hanya. Subhanallahi.

Ga mai son farawa, ga abin da ya kamata ya sani. Abu na farko maɗori mai ƙafa uku, domin hannun ɗan Adam ba ya rabuwa da rawa, kuma ko numfashi yana ɓata hoton dare. A sa agogon jinkiri na sakan biyu, don kada taɓawar yatsa ta girgiza na'urar. A kashe fitilar kyamara, ba ta haska sama. A daidaita ganin gilashi da hannu a kan tauraro mai haske har ya zama ɗigo ƙarami.

Wata cikakke yana da haske ƙwarai, dutse ne da rana ke duka. Kuskuren masu koyo shi ne su bar ƙofa a buɗe da yawa, sai ya fito fari fat kamar faifai. A sa lambar ISO a 100, ƙofar gilashi a 11, saurin ɗauka kashi ɗaya cikin 125 na sakan, sa'an nan a gyara daga nan. Amma ramuka da duwatsun wata sun fi fitowa a daren 7 ko 8 ga wata, saboda a lokacin rana na dukansu a karkace, inuwarsu ta yi tsawo. Taurari kuwa akasin haka ne, suna son a daɗe. Sai dai duniya tana juyawa daraja 15 kowace awa, in an daɗe da yawa tauraro ya zama zare. Masu wannan aiki suna da ƙa'ida: a raba 500 da tsawon gilashi. In gilashinka mai milimita 25 ne, kada ka wuce sakan 20. In kuwa zaren kake so, fuskanci arewa, inda tauraron arewa ke tsaye kimanin daraja 13 bisa ƙasa a Katsina, ka tara hotunan awa guda, za ka ga dukan taurari suna kewaya shi kamar masu ɗawafi.

Mushtari, in an same shi da gilashi mai milimita 300, ko ta madubin hangen nesa, yana nuna manyan watanninsa huɗu a jere, waɗanda Galileo na ƙasar Italiya ya gano a 1610. In ka ɗauka yau ka sake gobe, za ka tarar sun sauya wuri. Zoben Zuhal sai da madubin hangen nesa. Zara kuwa, kyamara za ta tabbatar maka abin da masana falaki suka daɗe da sani, cewa ita da Gamzaki abu ɗaya ne, wani lokaci ta biyo rana da magariba, wani lokaci ta riga ta fitowa da asuba, kuma ita ma tana cika tana raguwa, har takan zama kamar lauje.

Lokaci mafi kyau a ƙasarmu shi ne bayan ɗaukewar ruwa, a Oktoba da Nuwamba, kafin hazo ya sauko ya rufe sama. Fitilun birni suna cinye taurari, shi ya sa daren da aka ɗauke wuta, da kowa ke tsaki, shi ne daren sallar mai kyamara. Gargaɗi guda kuma: kada a kuskura a fuskantar da kyamara ko madubin hangen nesa ga rana ba tare da matacin da aka yi musamman don haka ba. Makanta ce ta nan take, ba ta da magani.

JINJIRIN WATA

Yanzu mu zo ga gundarin magana. Wata yana kammala zagayensa cikin kwana 29 da awa 12 da minti 44 a matsakaicin lissafi, shi ya sa watan Musulunci ke yin 29 ko 30. A ƙarshen zagayen yakan shiga tsakanin duniya da rana, gefensa mai haske ya juya mana baya. Daga nan ne yake fara nisantar rana kaɗan kaɗan har siririn gefensa ya bayyana. Wani masani Bafaranshe, André Danjon, ya nuna a shekarun 1930 cewa in tazarar wata da rana ba ta kai kimanin daraja 7 ba, ido ba ya ganin jinjirin. In ka miƙa hannunka ka dunƙule, faɗin dunƙulen ya kai kimanin daraja 10, sai ka kwatanta. Mafi ƙarancin shekarun jinjiri da aka tabbatar an gani da ido tsirara shi ne awa 15 da minti 32, a 1990, ganin Stephen O'Meara. Da madubin hangen nesa kuwa awa 11 da minti 40, a ƙasar Iran a 2002, ganin Muhsin Mirsa'id.

Mutanen Katsina suna da misali a hannu. Ranar 29 ga Maris 2006, ƙarshen watan Safar 1427, rana ta yi cikakken husufi, inuwar ta ratsa ta Gusau da Katsina da hantsi, gari ya yi duhu. Husufin rana kuwa ba ya faruwa sai lokacin da wata ya gifta gaban rana, watau kowa ya ga haɗuwar da idonsa. Zuwa faɗuwar rana a wannan yini, jinjirin bai cika awa 8 ba. Da a ce wani ya zo da magaribar ranar ya ce ya ga wata da ido, da duk wanda ya shaida husufin yana da hujjar ya tsaya ya bincike shi, ko da kuwa mutumin kirki ne, domin mutumin kirki ma idonsa na iya ruɗinsa.

To, ina matsayin kyamara? Ranar 8 ga Yuli 2013, gab da azumin 1434, wani Bafaranshe mai sha'awar ɗaukar hoton sama, Thierry Legault, ya ɗauki hoton jinjirin wata da rana, a daidai lokacin haɗuwar, tazararsa da rana ba ta kai daraja 5 ba. Ya yi amfani da madubin hangen nesa da matacin wani haske da idon mutum ba ya gani, sa'an nan kwamfuta ta tace hoton. Hoton gaskiya ne, babu algus. Amma babu mahalukin da ya ga wannan jinjiri da ido a lokacin. Kun ga ke nan, samun wata a cikin hoto daban, ganin wata daban. Ko irin wannan hoto yana shiga cikin ganin da shari'a ta rataya azumi a kansa, wannan magana ce ta malamai, kuma malaman ƙasashen Musulmi sun yi saɓani a kanta. Abin da littattafan mazhabarmu ta Malikiyya suka tabbatar shi ne, azumi yana tabbata da ganin adilai biyu, ko ganin jama'a mai yawa da ba zai yiwu su haɗu a kan ƙarya ba, ko kuwa cikar Sha'aban kwana 30. A Nijeriya kuwa akwai kwamitin ganin wata na ƙasa ƙarƙashin Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, labari yana bi ta hannun hakimai da sarakuna, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne ke sanarwa.

Ku lura da kalmar adili. Alhaji, in yaronka ya kawo maka rasit ba sa hannu, ba hatimi, ba kwanan wata, za ka biya? Malam ma'aikaci, in takarda ta shigo fayil ba a san wanda ya rubuta ta ba, za ka kai wa na gaba da kai? To haka hoton da ya faɗo cikin wayarka yake. Ana iya tambayar shaida, a san gidansu, a san halinsa, a ce ya nuna inda ya tsaya. Ita kyamara ba ta rantsuwa, ba ta tsoron Allah, ba ta jin kunya. Darajar hoto tana ga darajar mutumin da ke tsaye bayansa. Daɗin daɗawa, a 2023 an nuna cewa wasu wayoyin hannu, in sun gane wata ake ɗauka, da kansu suke ƙara masa zane da ramuka waɗanda gilashinsu bai gani ba. Na'urar da ke ƙara gishiri da kanta, ai sai an yi hattara da ita a wurin shaida.

AWON HOTO

Ga wasu tambayoyi da kowa zai iya yi kafin ya tura hoto gaba. Na ɗaya, wa ya ɗauka, a ina, ƙarfe nawa? In ba amsa, a bar shi nan. Na biyu, yaya sama take a hoton? Jinjirin daren farko yana bayyana ne jim kaɗan bayan faɗuwar rana, ƙasa ƙasa a yamma, cikin jan shafaƙi, kuma ba ya daɗewa. In ka ga wata a can ƙololuwa cikin baƙin dare da taurari kewaye, wannan ba na daren farko ba ne. Na uku, ina ya fuskanta? Gefen wata mai haske kullum yana duban inda rana ta faɗi, saboda haka a ƙasarmu jinjiri yakan zauna kamar ƙwarya, ƙahoninsa sama, ko ya ɗan kishingiɗa. Wanda ya kifa ƙahoni ƙasa, an juya hoton ko an zana shi. Na huɗu, kaurinsa. Jinjirin awa 20 siriri ne kamar zaren gashi, in ya yi kaurin yankan kabewa, ɗan kwana uku ne ko huɗu, watakila ma na bara. Na biyar, a tuna cewa Zara, da hayaƙin jirgin sama da rana ta haska, da gefen gajimare, duk sun sha ruɗin masu duba.

SHAWARARMU

Ga samarinmu masu kyamara, muna cewa ku ci gaba, Allah Ya yi albarka. Amma kada ku jira sai Sha'aban. Ku riƙa fita ranar 29 ga kowane wata, sau 12 a shekara, domin idon da ya saba shi ke ganewa. Ku nemi wurin da yamma take a buɗe, ku jira rana ta faɗi sarai. Ku daidaita agogon na'urarku. Ku sa wani abu sananne a cikin hoton, bishiya ko gini. Wanda ya tsaya gabas da hasumiyar Gobarau ya sami jinjiri a gefenta, ya sami hoton da ke faɗin garinsa da kansa. Ku ajiye asalin hoton, domin yana ɗauke da rana da lokacin ɗauka a cikinsa, kuma wannan bayani yakan goge in an tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto. Ku yi littafi ku rubuta gaskiya tsantsa: mun gani da ido, ko mun gani da madubi kawai, ko kyamara ce kaɗai ta kama, ko ba mu gani ba. Wanda ya fita ya duba ya dawo ya ce bai gani ba, shi ma ya ba da shaida mai daraja. Sa'an nan abin da kuka samu ku kai wa mai unguwa ko hakimi ko wakilin kwamiti, kafin ku kai dandalin Facebook.

Ga attajiranmu kuwa, kuɗin madubin hangen nesa matsakaici bai kai na wata liyafar biki ba. Wanda ya saya wa makarantar Islamiyyar unguwarsu guda, ya nemi mai koya wa yara, ya rayar da ilmin da ya kai sunan Katsina har Alƙahira. Ga sauran jama'a kuma, yatsan da ke tura labari shi ma za a tambaye shi. In hoto ya zo maka daren shakka, riƙe shi, ka saurari sanarwar shugabanni.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya haɗa kanmu a kan azumi ɗaya da salla ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.